Shaidar Inna Tabawa

Shafi na 27

Masu cika mini akwatin saƙo da "ina sauran, ina sauran", to ga shi, ku bar ni in sha ruwa. Wanda ya shigo mana yau kuma, ga inda muke: Kwatano ce, shekarar 1986, zamanin da kowa Kamarad ne, daga minista har mai tura amalanke. Karimatou 'yar Zongo, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, sau uku ta kai dosiyenta na takardu tana neman gurbin karatun babban difilom, sai a na ukun aka karɓa. Shekara biyu ta yi, aiki da safe, aji da yamma. Yau take kāre kundin da ta rubuta a kan yadda matan Zongo ke ɗaukar baƙuwar da ciwo ya kayar ba ta da kowa a gari. Alƙalan jarrabawa uku ne, kuma sai duk ukun sun sa hannu takarda ke fita. Mun tsaya daidai inda na ukun ya ɗaga bironsa.

*

Kamarad Tidjani, wakilin ma'aikata, bai yi gaggawa ba. Ya cire tabarau ya hura masa iska, ya goge da gefen riga, ya mayar. Mutum ne da bai kai arba'in ba, ya yi karatu a ƙasashen sanyi ya dawo da imanin cewa duk abin da ba a buga masa hatimi ba bai faru ba. Tun safe aikinsa juya shafi ne da jan layi.

"Kamarad ɗaliba," ya ce da Faransancinsa mai santsi. "Babi na huɗu. Matar da kika kira Madam T."

"Na'am, Kamarad."

"Kin ce mai tuwo ce. Ba ta karatu, ba ta rubutu."

"Haka ne."

"Kin ce a ɗaki ɗaya na bayan gidanta ta yi jinyar mata arba'in da ɗaya. Ba dangin iya, ba na baba."

"Arba'in da ɗaya, cikin shekara ashirin da takwas."

"Ina rajistarta?"

"Ba ta da rajista. A ka take riƙe da su."

"Ina sa hannunta?"

"Ba ta sa hannu, Kamarad."

"Kaset fa?"

"Ba ta yarda a ɗauki muryarta ba."

Ya rufe kundin a hankali, ya ɗora tafin hannu a kai.

"To ni tatsuniya na karanta. Mai daɗi kuwa, har na kusa hawaye. Amma ƙasa ba ta ba da difilom a kan tatsuniya. Ni dai ina ganin babu wata Madam T. a duniya, ke kika ƙirƙiro ta."

Karimatou ta shirya wa tambayar lissafi, ta shirya wa tambayar littattafan da ta ambata, har waɗanda ba ta gama karantawa ba ta haddace shafukansu. Ban da wannan. A ce ƙarya ta yi, a gaban jama'a, a ƙarƙashin koriyar tutar nan mai jan tauraro!

Malamar da ta duba aikin, wadda ke zaune a gefen dama, ta gyara murya. "Na san ɗalibata. Ba ta ƙarya."

"Kin ga matar da idonki, Kamarad?"

Malama ta girgiza kai. Ba ta gan ta ba.

"Abu mai sauƙi ne," in ji Kamarad Tidjani. "Sunanta da lambar gidanta. Yanzu, a nan. In ba haka ba, ba na sa hannu."

Shugaban alƙalai, dattijo mai farin gashi da ya koyar da rabin ma'aikatan ƙasar, ya dubi Karimatou ta saman tabarau. Da gani ba ya son abin, amma doka ce.

"Kin ji, 'yata. Suna kawai."

Karimatou ta dafa teburin da ke gabanta. Shekara biyu na karatu, da shekara uku na yawon dosiye daga wannan ofis zuwa wancan, duk ga su a kan kalma ɗaya. Kuma kalmar tana bakinta.

"Kamarad shugaba," ta ce, "ranar farko da na shigo makarantar nan, kai ka tsaya a gaban allo ka ce mana wanda ya ba mu sirrinsa ya ba mu wuyansa. Matar nan ta ce kada a faɗi sunanta. Ba zan faɗa ba."

"Ko da difilom ɗin zai tafi?"

"Ko da zai tafi."

Dattijon ya sunkuyar da kai yana duban takardunsa. Ita dai Karimatou ta san abin da ta rasa da bakinta, amma wallahi a lokacin ba ta ji kunyar kanta ba ko kaɗan.

Yanzu bari in juyo da ku bayan ɗakin, don can ne wutar za ta tashi.

Matan Zongo sun zo, sun kai su ashirin. An ce musu jarrabawa ce, su kuma suka ɗauke ta biki, suka yi anko da atamfa mai ruwan ƙwai, suka shigo da kwanukan waina da ƙaton jarkar kunu suka tura ƙarƙashin benci. Ba mai jin abin da ake faɗi, amma duk sanda Karimatou ta buɗe baki sai su gyaɗa kai tare.

Can ƙarshen benci, dab da ƙofa, Inna Tabawa ce zaune, mahaifiyar Karimatou, ta ba teburin alƙalai rabin baya tana duban bishiyar da ke waje. Da safe ta gaya wa duk wanda ya tambaya cewa ita ba wajen kowa ta zo ba, aminiyarta Kaltoumi ta rako. Karimatou 'yar fari ce, Inna kuwa mutuniyar Tasawa ce ta asali, irin waɗanda kunyar ɗan fari ta zauna musu a ƙashi. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ba. "Ke." "Waccan." "Yarinyar nan." In an yabi Karimatou a gabanta sai ta tashi ta je duba tukunya.

Ita ce Madam T.

Goggo Kaltoumi kuwa, aminiyar Inna, mai sayar da kayan yaji a kasuwar Tokpa, tana da Faransancin ciniki. Ba ya kai ta nesa, amma kalmar ƙarya da kalmar ɓarawo ba sa wuce ta ko a cikin barci. Ta zunguri ta kusa da ita, ta sake kasa kunne, sannan ta miƙe tsaye ɗankwali na zamewa.

"Wa ke ƙarya? Wa ya ce babu matar?"

"Zauna, Kamarad!" wani ya ce.

"Ban zama! Ga ta nan! Ga Tabawa nan zaune da ranta da lafiyarta! Ɗakin ma yana nan, yanzu haka akwai mace kwance a ciki!"

Karimatou ta runtse ido. Abin da ta riƙe har ta yarda ta rasa difilom a kansa, Goggo ta zubar da shi cikin numfashi ɗaya.

Shugaba ya buga tebur har aka yi tsit. Aka gaya masa abin da matar ta ce. Ya yi shawara da na hagu da ta dama, ya ce a kawo dattijuwar gaba, a nemo mai fassara wanda ba ɗan gidansu ba. Aka kira Malam Soumaïla mai gadin makarantar, tsohon soja mutumin Dosso, ya shigo yana gyara hula ya ƙame kamar a fareti.

"Kalma da kalma," Kamarad Tidjani ya gargaɗe shi. "Ba ragi, ba ƙari."

"To, Kamarad."

Sai da Goggo Kaltoumi ta ja hannun Inna kafin ta tashi. Ta tako a hankali, gajeriyar mace mai ƙunar murhu a yatsu, ta tsaya taku uku daga 'yarta, ta ja mayafi ta rufe gefen fuskar da ke wajen Karimatou.

Shugaba ya fara, Malam Soumaïla na juyawa.

"Baiwar Allah, sun ce yaya sunanki?"

"Tabawa."

"Sana'a?"

"Tuwo."

"Sun ce, wannan ɗaliba da ke tsaye, kin san ta?"

Inna ta ƙara jan mayafi. Maza uku baƙi, ga matan unguwa a baya, ga yarinyar a tsaye. Abin da bakinta ya saba shi ya fito.

"Ina na san ta? 'Yar unguwa ce dai."

Malam Soumaïla ya dubi Karimatou, ya dubi rufi, ya fassara. Biron Kamarad Tidjani ya kama gudu a kan takarda.

"Sun ce, kin taɓa zama da ita ki ba ta labarin matan da kika yi jinya?"

"Ni? Hira da ita? Allah ya kiyaye."

Wasu daga matan baya har suka yi murmushi, don su a wajensu Tabawa ta yi abin da ya dace da mace mai mutunci. Ba su san an gama da Karimatou ba.

Abin da zai ba ka haushi ya ba ka dariya, a tambayar ƙarshen nan Inna ba ta yi ƙarya ba. Wata bakwai aka yi ana tara babi na huɗu, kuma ko sau ɗaya uwa ba ta dubi 'ya ta ce ga yadda aka yi ba. Bayan la'asar Inna za ta zauna tsakar gida tana tsintar shinkafa, Goggo Kaltoumi ta zo ta zauna kusa da ita da tambayoyin da Karimatou ta ba ta ta haddace tun da rana. Karimatou kuma tana bayan labulen ɗaki da littafi a cinya. Goggo ta ce, "Tabawa, wai matar nan ta Kandi yaya aka ƙare?" Sai Inna ta ɗaga murya fiye da yadda kunnen Kaltoumi ke bukata, ta ba da labari tiryan-tiryan. In ta ji ƙarar juya shafi sai ta dakata, ta yi kamar tsakuwa take nema a faranti. Haka aka rubuta shafi sittin.

To je ka yi wa mai hatimi wannan bayani.

"Kamarad shugaba," Karimatou ta ce, "a bar ni in yi bayani. A wajenmu akwai al'ada..."

"Ɗaliba ba ta gyara wa shaida magana," Kamarad Tidjani ya katse ta. "An tambaye ta, ta amsa. Ba ta san ki ba, ba ta taɓa magana da ke ba. Ku kuka kawo ta, ba ni ba. Ina roƙon a rubuta."

Shugaba ya yi ajiyar zuciya, ya jawo takardarsa.

Nan ne Malam Soumaïla ya karya dokar soja. Bai juya kai ba, bai motsa kafaɗa ba, ta gefen baki ya yi maganar.

"Baiwar Allah, sun rubuta ba ki san ta ba. Sun ce ƙarya ta yi ta ƙirƙiro ki. In maganarki ta tsaya haka, takardar ta tafi, wahalar ta tashi a banza."

"Me kake ce mata?" Kamarad Tidjani ya daka tsawa.

"Na ce ta ɗaga murya, Kamarad."

Fankar sama na juyi, ana jin ƙarar motoci daga titi. Karimatou ta dubi ƙafafun uwarta cikin silifas ɗin roba, ta ji tausayinta ya fi na kanta. Ta san abin da ake nema a wajen matar nan, kuma ba za ta roƙe ta ba.

Can Inna ta saki gefen mayafin.

"Malam, gaya musu. Ɗakin nawa ne. Masu rai ba ni faɗin sunansu, suna da surukai da jikoki yanzu. Waɗanda suka cika a hannuna su bakwai ne, su zan faɗa. Liman ya sallace su, kabarinsu na nan, mai so ya je ya tambaya."

Ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Lantana, daga wajen Kano. Ƙafa ta kumbura mata a tashar jirgi, abokan tafiya suka wuce suka bar ta. Kwana arba'in ta yi wurina."

Yatsa na biyu.

"Nimatou ta Kandi. Haihuwa ce ta zo da gardama. Ɗiyar ta rayu, tana aure yanzu, ba ni faɗin inda take."

Na uku.

"Wata Bafillata. Har ta cika ba mu san sunanta ba, ba ta jin maganarmu ba mu jin tata. Nono kawai take karɓa."

Malam Soumaïla na bin ta jimla bayan jimla. Shugaba ya buɗe babi na huɗu yana bi da yatsa, yana gyaɗa kai. Sunaye da garuruwa Karimatou ta sauya su a kundi, amma ciwon da kwanakin duk ga su nan daidai.

A yatsa na huɗu Inna ta daɗe.

"Ta huɗu Assétou ce, 'yar Jugu. Ita ba ciwo ya kawo ta Kwatano ba, ɗa ta biyo. Mijinta ya rasu, dangin miji suka ɗauke yaron suka ba wani kawunsa ma'aikaci ya kawo shi kudu lakwal, makarantar boko. Ba su gaya mata wane gari ba. Ta sayar da awakinta biyu ta hau motar doya."

Karimatou ta ɗago kai. A kundinta matar nan layi huɗu ce kawai, tari ya kama ta, ta rasu. Wannan sashen Inna ba ta taɓa ba Goggo Kaltoumi ba.

"Kullum da safe sai ta fita ta bi ƙofar lakwal. Ta tsaya ta ce tana neman yaron Jugu. Mushe, malamin lakwal, ya ce, wane suna? Sai ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne. Ta ce siriri ne, yana da tabo a gira, ya faɗa kan dutsen niƙa yana ƙarami. Mushe ya ce, suna, Madam, suna! Ta faɗi sunan uban, a duba littafi a ce babu. Ta wuce ta gaba. Wata uku tana haka cikin ruwan damina, har tari ya shiga ƙirjinta."

Wani abu Karimatou ta lura da shi, ta kasa gane kansa. Biron Kamarad Tidjani ya tsaya. Kuma ya tsaya ne tun kafin Malam Soumaïla ya fassara.

"Ni ma ban matsa mata ba," Inna ta ci gaba. "Ban ce gaya mini sunan in je in tambaya miki ba. Na ga daidai take yi. Har yaba ta nake a raina, ina cewa ga mace mai kunya. Sai ranar da za ta cika ta kama hannuna ta faɗi sunan, sau ɗaya. Bayan an binne ta na bi lakwal shida da shi. Ya riga ya zama ba amfani."

Tsohon soja ya yi tari ya ƙarasa fassara, Inna ta ɗora.

"Shekara da shekaru abin na cina. Yau kuma na tsaya nan na yi irin ta Assétou da bakina."

Sai Inna Tabawa ta juya. Gaba ɗaya ta juya, jiki da fuska, ta dubi 'yarta ido cikin ido a gaban maza uku da matan Zongo ashirin.

"Karimatou."

Wata a baya ta ce, "La ilaha illallahu!"

"Sunanta Karimatou. Ɗiyata ce, ni na haife ta. A ɗakin nan da ake gardama a kansa na haife ta, kwana tara da saukata daga jirgin ƙasan Paraku, ubanta ya rasu a hanya, wata mai waina, mai ɗakin a lokacin, ta ɗauke ni ba ta san ni ba. Duk abin da ta rubuta daga bakina ya fito. Kaltoumi nake gaya wa, amma don ita nake ɗaga murya, kuma ta sani, ni ma na sani."

Karimatou ta ji sunanta kamar yau aka raɗa mata shi. Ta taɓa jin sa a bakin malamai, a bakin likitoci, a rediyo ma sau ɗaya da aka karanta sakamakon jarrabawa. Ba ta taɓa sanin haka yake da daɗi ba. Hawaye suka ɓalle mata, ta bar su, ko gogewa ba ta yi ba.

Inna kuwa bakin da ya buɗe ya ƙi rufuwa.

"Malam, ƙara musu. Tana da shekara bakwai take ɗaukar kwanon masu ciwo ba ta yamutsa fuska. Ita ta fara kai matan ɗakina asibiti, ta tsaya ta yi musu Faransanci har a duba su. Ni ɗaki ɗaya gare ni da tabarma uku. Ita in kun ba ta takardar nan, ƙofofin da ba su buɗe mini za su buɗe mata. Ta fi ni. Gaya musu ni na ce ta fi ni."

Goggo Kaltoumi ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa, har ɗaliban wasu azuzuwa suka leƙo ta taga. Malam Soumaïla ya fassara cikin hayaniyar da ƙarfi kamar mai ba da umarni, har da "ni na ce" bai bari ba. Malama ta cire tabarau tana share ido da bayan hannu.

Shugaba ya bar su suka yi mai isarsu kafin ya buga tebur.

"Kamarad ɗaliba, ya kamata ki rubuta cewa mai ba ki labari mahaifiyarki ce. Za ki ƙara shafi guda a kan haka, da yadda aka yi hirar ta bayan labule. Shekara talatin ina koyarwa ban taɓa jin irin wannan hanyar bincike ba, ina so ɗalibaina su karanta ta."

"To, Kamarad shugaba."

Ya jawo takardar amincewa ya sa hannu, ya tura wa Malama ta sa, ta miƙa hagu. Karimatou ta sunkuyar da kai, ta kasa kallo. Hawaye ma sun hana ta gani.

Ta ji an ja kujera baya.

Kamarad Tidjani ya zagayo tebur. Bai nufi ƙofa ba, bai nufi Karimatou ba. Ya zo gaban mai tuwon Zongo, wakilin ma'aikata guda, cikin kwat ɗinsa mai guga, ya durƙusa har gwiwa biyu a kan siminti.

Da ya buɗe baki ba Faransanci ya fito ba. Hausa ce, mai tsatsa, irin ta yaron da ya bar gida da wuri.

"Inna. Wace shekara?"

Inna ta ja baya kaɗan. "Shekarar da Bature ya sauke tutarsa."

"Lakwal na Kwatano kawai ta bi?"

"Nan kaɗai ta sani."

"Porto-Novo aka kai ni. Da sunan kawu aka rubuta ni, ba na ubana ba."

Ya cire tabarau. Inna ta sunkuya ta duba girarsa ta hagu, ta daɗe tana dubawa, leɓenta na motsi.

"Sunan da ta faɗa," ya ce da ƙyar. "Wane suna?"

"Wanda na ji suna kiran ka da shi tun safe. Ban kawo komai a raina ba. Tidjani nawa ne a ƙasar nan?"

"An ce mini aure ta yi ta tafi. An ce ba ta taɓa tambaya ta ba."

"Ƙarya aka yi maka. Takalmi biyu ta kashe a kan nemanka. Kuma ta bar maka magana, shekara ashirin da shida ina riƙe da ita."

Mutumin ya ɗago fuska jiƙe sharkaf. "Faɗa mini, Inna."

Inna ta miƙe ta gyara mayafi. 'Yar kasuwa ce, ba a banza ta yi shekara talatin a bakin tukunya ba.

"Tashi ka sa wa Karimatou hannu tukuna."

"A'a, Inna."

Kowa ya juyo. Karimatou ce, kuma wannan ne karo na farko a rayuwarta da ta tsaya gaban mutane ta ce wa uwarta a'a.

"Mace arba'in da ɗaya kika buɗe wa ƙofa, ba wadda kika ce ta ba ki wani abu tukuna. Saƙon uwarsa ne, ba shi abinsa. In kundina ya isa, ya sa hannu don ya isa. In bai isa ba, ba na son takardar da aka sayo da maganar matacciya."

Inna ta dube ta sama da ƙasa. Ta juya wajen Goggo Kaltoumi, kamar yadda ta saba in tana da magana da 'yarta, sai kuma ta fasa, ta dawo da idonta kan Karimatou.

"Kin ji ta ko? Haka take tun tana goye."

Malama ta yi wa Malam Soumaïla alama ya gaya mata abin da ake ciki. Da ta ji, sai ta miƙa hannu ta ɗauko takardar daga inda Kamarad Tidjani ya bar ta, ta duba, ta ɗaga ta sama yadda na bayan benci ma za su gani.

Sa hannu uku ne. Ya sa nasa tun kafin ya tashi daga kujera.

Karimatou ta zauna a gefen tebur tana dariya tana kuka. Ta gama. 'Yar mai tuwon Zongo ta gama, kuma ba da roƙo ba. Matan baya suka yunƙuro da kwanukan waina, Goggo Kaltoumi ta cika ƙirji za ta sake guɗa.

Inna ta ɗaga mata hannu ɗaya. Guɗar ta maƙale.

Ta jawo kujerar ɗaliba ta zauna, ta dafa kan mutumin da har yanzu ke durƙushe a gabanta.

"Ku ba mu wuri," ta ce. "Matso, ɗan Assétou."